Zane Mai Motsi a Matsayin Adabi: Tarken Fina-finan Moustapha Alassane da Darasinsu ga Jami'o'inmu

1.0 Gabatarwa

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabuwar manhaja wadda ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Cikin fannonin da manhajar ta ba gurbi har da nazarin fim da sauran kafafen sadarwa na zamani, inda zane mai motsi, wato katun, yake shigowa. An saba ɗaukar wannan fanni a matsayin aikin masana kwamfuta da masu zane kaɗai. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa zane mai motsi reshe ne na adabi, kuma ɗalibin da ya ƙware a na'ura ba tare da sanin harshe da tatsuniya ba, rabin sana'ar ya koya. Za a kafa hujja da tarken fina-finai uku na Moustapha Alassane, sannan a auna darasinsu da yanayin garin Keffi.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Mai Zanen

An haifi Moustapha Alassane a 1942, ya kuma rasu a Wagadugu a 2015. Kanikanci ya fara koya. Tun yana matashi yakan yanka kwali ya haska shi da fitila, inuwar ta faɗa kan farin ƙyalle, jama'a su taru su yi kallo. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai shirya fim, daga bisani ya tafi Kanada inda ya ƙaro ilmin zane mai motsi a wurin Norman McLaren. Ya shugabanci sashen fim na Jami'ar Yamai tsawon shekara 15, sannan ya zauna a Tawa, cikin ƙasar Adar, inda ya ci gaba da aikinsa. Ke nan mutum ne da ya haɗa ƙwarewar hannu da koyarwa a jami'a, abin da ya sa ya dace a yi misali da shi a nan.

3.0 Tarken Fina-finan

3.1 Bon Voyage Sim (1966)

Wannan fim bai wuce kimanin minti 5 ba. Jigonsa zambo ne ga shugabannin ƙasashen da ba su daɗe da samun mulkin kai ba. Sim, shugaban jamhuriyar kwaɗi, ya kai ziyara wata ƙasa maƙwabciya, aka tarbe shi da fareti da bushe-bushe. Zanen baƙin layi ne a kan farin fili, babu ado, babu launi. Ƙarfin fim ɗin yana cikin zaɓen tauraro. A idon Bahaushe, kwaɗo halitta ce mai kumbura wuya da yawan kuka alhali ba ta da ƙarfin komai. Da zarar an ɗora ta kan kujerar mulki, zambon ya kammala tun kafin a furta kalma. Wannan ita ce dabarar tatsuniya, inda Kura take wakiltar haɗama, Dila kuma wayo, a faɗa wa mai mulki gaskiya ba tare da an kama suna ba.

3.2 Samba le Grand (1977)

A nan Alassane ya bar alƙalami ya koma ga 'yan tsana, yana gusa su kaɗan-kaɗan yana ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya. Labarin na wani jarumi ne mai neman auren gimbiya, ita kuwa tana ɗora masa sharuɗɗa masu wuya. Zubin labarin sananne ne ga duk wanda ya saurari tatsuniyoyin neman auren 'yar sarki: buƙata, sharaɗi, cikawa, sai wani sharaɗin da ya fi na farko. Maimaitawar da take ƙawata tatsuniya a bakin tsohuwa ita ce kuma take sauƙaƙa aikin mai zane, domin fage ɗaya da 'yar tsana ɗaya za su yi aiki sau da dama.

3.3 Kokoa

Sunan fim ɗin kalmar Hausa ce, kokawa, da aka rubuta bisa ƙa'idar Faransanci. Kwaɗi da hawainiya da tsuntsaye ne suke karawa a fage. Kokawa ita ce babban wasan ƙasar Nijar, kuma a Tawa aka fara gasar takobi ta ƙasa a 1975. Abin lura shi ne yadda mai zanen ya san kokawa daga ciki: zagayen fage kafin kamu, da tsayuwar gwada ƙwanji, da jinkirin da ke zuwa kafin kaye. Wannan sani ba ya cikin kowace na'ura. A bakin fage ake samun sa.

3.4 Rauni

Duk da haka, ayyukan ba su rasa rauni ba. Motsin taurarin yakan yi tauri, abin da za a iya danganta shi da ƙarancin kayan aiki. Rauni mafi girma ga manazarcin harshe shi ne nauyin labarin yana kan motsi da kiɗa da muryar mai ba da labari, ba kan furucin taurarin ba. Sunayen yawancin fina-finan ma na Faransanci ne. Wato Alassane ya ɗauko ruhin tatsuniya, amma bai warware matsalar yadda zane zai buɗe baki ya yi Hausa ba. Wannan giɓi shi ne gadon da ya bar wa jami'o'i.

4.0 Inda Harshe Ya Shiga Aikin Zane

Fim yana gudana ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Fim na minti 5 yana cin hoto 7,200, ko zane 3,600 idan kowane zane ya tsaya sau biyu. Mai zane dole ya yanke hukuncin siffar baki a kowane ɗaya daga cikinsu. A nan ne matsaloli huɗu suke tasowa.

Ta farko, jadawalin siffofin baki da ɗalibai suke gada daga littattafan Amurka, irin na Preston Blair, an gina shi ne kan sautukan Ingilishi. A cikinsa ana zana /f/ da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. A Hausa kuwa /f/ baleɓe ne, leɓɓa biyu ne suke kusantar juna. Tauraron da ya ce "fara" yana cizon leɓe, da bakin Bature ya faɗe ta, ko da muryar Bakano ce aka ɗora masa.

Ta biyu ita ce tsawon wasali. Daidaitacciyar ƙa'idar rubutu ba ta bambanta gàrii, mazaunin jama'a, da gàarii, wanda ake tuƙa tuwo da shi. Mai zanen da ya dogara da rubutaccen wasa kaɗai ba zai san gaɓar da zai ba hotuna da yawa ba. Haka nan leɓantattun baƙaƙe irin su /kw/ da /gw/ suna buƙatar zagayen leɓe tun kafin wasali ya iso.

Ta uku ita ce amsa-kama, wadda ba matsala ba ce kaɗai, taska ce. Littafin The Illusion of Life na 1981 ya tsara ƙa'idoji 12 na motsi, ciki har da lokaci da jinkiri. Hausa ta riga ta adana irin wannan ilmi a kalmominta. "Wuf" motsi ne na 'yan hotuna ƙalilan. "Tinƙis-tinƙis" tafiya ce mai nauyi da gajiya. "Sumumu" shigowa ce ba ƙara. "Ɗar-ɗar" rawar jiki ce ta fargaba. Kowace umurni ce ga mai zane, in ya san ta.

Ta huɗu ita ce sifanta taurari. Mai tatsuniya bai taɓa tsayar da kamannin Gizo ba: yana saƙa yana kamar tautau, yana kuma noma da aure da zuwa fada kamar mutum. Zane ba ya yarda da wannan sassauci, dole a zaɓi siffa. Ga kuma tsamin bakinsa, inda "ranka ya daɗe" take komawa "yanka ya daɗe". Wanda bai nazarci tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara aka buga tsakanin 1911 da 1913, ko waɗanda Ibrahim Yaro Yahaya ya wallafa a farkon shekarun 1970 ba, zai zano gizo-gizon littattafan Turai ya sa masa hula. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma ko da yake tufa suke nufi, maganar ta hau kan zanen alƙalami.

5.0 Darasi ga Keffi

Keffi wuri ne da ya dace a gwada wannan haɗin gwiwa. Jami'ar Jihar Nasarawa, wadda aka kafa a garin a farkon wannan ƙarni, tana da sassan kimiyyar kwamfuta da wasan kwaikwayo da harsuna a haraba guda. Garin yana kimanin kilomita 50 daga Abuja, inda kamfanin Adamu Waziri ya fara fitar da katun ɗin yara na Bino and Fino a 2010. Kasuwar kuma tana faɗaɗa: a 2020 aka haska Lady Buckit and the Motley Mopsters a gidajen silima na Nijeriya, a 2024 kuma Disney da Kugali suka fitar da Iwájú, wanda aka gina kan birnin Legas.

Ta fuskar labari kuwa, garin ba ya buƙatar aro. Kafuwarsa a hannun Abdu Zanga a wajejen 1800, da arangamar Magaji Ɗan Yamusa da Kyaftin Moloney a 1902, wadda ta zama ɗaya daga cikin dalilan da Turawa suka kafa wajen yaƙar Kano a 1903, duk labarai ne da zane zai iya rayawa ba tare da tsadar dawaki da gina ganuwa ba. Hausa ita ce harshen kasuwa a yankin, tana zaune tare da Eggon da Mada da Gwandara da Gbagyi. Maƙwabta Tibi kuma suna da wasan 'yan tsana na Kwagh-hir, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya a 2019. Kayan aiki ma sun yi sauƙi, tun da Blender kyauta ake samun sa.

Saboda haka ana ba da shawarar cewa duk jami'ar da za ta koyar da wannan fanni ta yi amfani da kashi 30 ɗinta wajen sanya darasin tsarin sauti da na adabin baka a matsayin wajibi. Masana harsuna kuma su tsara jadawalin siffofin baki na Hausa da na sauran harsunan ƙasa, su kuma daidaita kalmomin fannu na wannan sana'a.

6.0 Kammalawa

An ga yadda Moustapha Alassane ya yi nasara da kwali da fitila da 'yan tsana domin ya san jama'arsa da labaransu, an kuma ga inda ya tsaya, wato bakin tauraro. Yaran Hausawa suna kallon katun a talabijin da wayoyin iyayensu, a daidai lokacin da a da ake zama gaban tsohuwa bayan sallar isha'i. Harshen da taurarin suke yi, da yadda suke yin sa, shi yaran za su tashi da shi. Idan masana harsuna suka bar wa masana kwamfuta wannan fage su kaɗai, za a sami zane mai kyau da Hausa gurguwa, kuma alhakin hakan ba zai hau kan na'ura ba.