Zaɓen 'Yan Wasa a Finafinan Barkwanci na Hausa: Ina Matsayin Leburan Masana'antun Kano?

Gabatarwa

Kowa ya ga mai ban dariya ya san ba a banza aka ɗauko shi ba. Wannan muƙala za ta dubi yadda masu shirya finafinan barkwanci a Kano, waɗanda aka fi sani da 'yan camama, suke zaɓar wanda zai fito a wasa, da abin da wannan zaɓe ya jawo wa sana'ar. Zan auna maganar da rayuwar ma'aikatan Bompai da Sharaɗa da Challawa, domin suna cikin waɗanda suka riƙe kasuwar waɗannan finafinai, amma da wuya mutum ya ga kamanninsu na gaskiya a cikinsu.

Tushen Abin

Ban dariya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Muna da 'yan kama da 'yan gambara da wawan sarki, ga kuma tashe da yara ke yi a watan azumi. A mafi yawan waɗannan, ba wanda ke naɗa mutum. Jama'a ne ke tantance shi a dandali. Wanda bai iya ba, tun a nan za a watse a bar shi.

Da wasan kwaikwayo ya shiga rediyo da talabijin, sai aka ci gaba da neman mutumin da ya san abin da zai kwaikwaya. Alal misali, Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a 2023, soja ne na gaske, shi ya sa tsawarsa da gurɓatacciyar Hausarsa ta bariki suka zauna daram. Haka kuma Rabilu Musa Ibro, mutumin Ɗanlasan, ya yi aikin gandiroba kafin ya rungumi wasa, kuma duk wanda ya lura da yadda yake kwaikwayon mai ɗan muƙami yana zare ido zai gane cewa ya zauna da irinsu.

Yadda Kasuwa ta Karɓe Zaɓe

Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, fim ɗin Hausa ya zama hajar sayarwa. Daga nan ikon zaɓen ɗan wasa ya fara sulalewa daga hannun mai ba da umarni zuwa hannun dillalan kaset na Bata da Ƙofar Wambai. Tambayar dillali guda ce: fuskar wa za a sa a jikin fasta? In da Ibro, zai saya tun kafin a ɗauki fim. In babu, sai a yi ta ciniki.

Wannan ne ya haifar da jerin finafinai masu ɗauke da sunan mutum ɗaya, irin su Ibro Awilo da Ibro Usama da Ibro Saddam. A nan an juya al'amari: maimakon a rubuta labari a nemo wanda ya dace da shi, sai a kama ɗan wasa tukuna, sannan a ɗinka masa labari kamar yadda tela ke ɗinka riga. Sau da yawa ma babu rubutaccen labari, sai dai a faɗa wa 'yan wasa inda aka dosa, kowa ya ƙago maganarsa. Ga gwani irin Ibro wannan ba matsala ba ce, amma ga mai koyo sai abin ya koma ihu da guje-guje da zage-zage.

Hanya ta biyu ita ce ta yaran gida. Kowane babban ɗan wasa yana da tawagarsa, kuma wanda ya daɗe yana ɗaukar kaya shi ake saka wa da fitowa. Wannan ya yi kama da koyon sana'a a gargajiyance, kuma ya fitar da gwanaye, sai dai ya toshe ƙofa ga wanda ba shi da ubangida. Hanya ta uku ita ce duban halitta: gajere ko ƙato ko mai in'ina ko mai wata naƙasa. A ganina wannan ita ce mafi muni, domin tana koya wa yaranmu cewa halittar Allah abin dariya ce, kuma malaman makaranta sun fi kowa sanin yadda irin waɗannan sunaye ke bin yaro har cikin aji.

Leburan da Aka Manta

A shekarun 1980, lokacin da aikin gwamnati kan kai ni waɗannan unguwanni, in aka busa jiniyar tashi sai titi ya cika da kekuna. Masaƙu da kamfanonin alewa da na roba a Bompai da Sharaɗa, da majemun fata a Challawa, sun tara Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Tibi da Babarbare a kan inji ɗaya. A rumfar mai shayi da wajen mai abinci, barkwancin da ake yi ya fi na kowane kaset daɗi: tsokanar Bafillace da Babarbare, kwaikwayon muryar fomen, labarin albashin da ya ƙare tun ran goma ga wata.

To, amma da aka zo nuna waɗannan mutane a fim, sai aka ɗauko Bahaushe aka ɗaura masa hula ko zane, aka ce ya karya harshe, shi ke nan ya zama Bayarabe ko Bagware. Wasan barkwanci na gargajiya tsakanin ƙabilu yana da ƙa'ida, wato kowa yana nan kuma yana da bakin ramawa. A fim kuwa, wanda ake tsokana ba ya wurin. Abokin aikin da aka yi shekara ashirin ana cin tuwo tare da shi, wanda wataƙila ya fi mai kwaikwayonsa iya karin magana, an mai da shi wawa.

Bugu da ƙari, tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ga matsalar lantarki, ga kwararowar atamfar Sin, masana'antu da yawa suka rufe, dubban magidanta suka koma acaɓa da gadi da ƙananan sana'o'i. Wannan babban labari ne mai cike da dariya da hawaye. A Amurka, Cali Caplin ya yi fim a 1936 a kan leburan da inji ya kusa haukatawa, har yau ana kallonsa. Mu kuwa muna da labarin a ƙofar gida, amma tsarin zaɓenmu bai bar gurbin da zai shiga ba.

Kammalawa

Ba a taru an zama ɗaya ba. Rasuwar Ibro a watan Disamba na 2014 da mutuwar kasuwar kaset da faifai sun tilasta sake tunani. Shirin Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi, wanda ya fara fitowa a 2019, ya nuna cewa in aka rubuta labari tukuna, aka ba kowa gurbin da ya dace da shi, dattijo irin Magaji Mijinyawa zai riƙe wasa ba tare da tsalle-tsalle ba.

Shawarata ga masu shirya fim ita ce su riƙa yin gwaji a fili, su kai shi har Sharaɗa da Challawa da Bompai, su bar Bayaraben Kano ya fito a matsayin kansa. Su kuma malamai su farfaɗo da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo a makarantu, domin nan ne ake gane mai baiwa tun da sauran ɗanyensa. Allah ya ji ƙan magabatanmu a wannan fage, ya sa na baya su gyara.