Wa Ke Riƙon Yaron? Nazarin Uwa da Ɗa a Ƙagaggun Labarai Uku

Duk wanda ya tashi a Babankatami, ko wani ƙauye na yankunan Madawa, Buza da Keita, ya san yadda gari ke komawa bayan an ɗaure damman gero. Maza su kama hanyar cin rani, wasu Kano ko Legas, wasu Abijan, wasu Libiya. Gida ya koma hannun mata. Yaro ya girma tsakanin kaka da gwaggo, ko tsakanin uwa da kishiyarta, kuma ba mai cewa ba shi da asali. Bahaushe ya daɗe da bambanta haihuwa da riƙo, har ya ba kowanne hakkinsa. Na kawo wannan ne domin da shi na shiga karatun littattafai uku da suka taɓo maganar da al'ummarmu ba ta son ji: iyali da wani a cikinsa ke son jinsinsa. Ba ina cewa gidan kaka da gwaggo daidai yake da abin da littattafan ke magana a kai ba. Hukuncin luwaɗi da maɗigo a addini sananne ne, malamai sun yi bayaninsa, ba kuma aikin manazarci ba ne ya sake musu fatawa. Aikinsa ya duba me marubuci ya yi da uwa da ɗa a lokacin da gari ya juya musu baya, ya kuma faɗi ko ya iya.

Na farko shi ne Walking with Shadows na Jude Dibia, wanda ya fito a 2005, ake kuma lissafa shi cikin ƙagaggun labaran Najeriya na farko da tauraronsu mai son maza ne. Adrian babban ma'aikaci ne a Legas, yana da mata, Ada, da ƴa ƙarama, Ego. Wani abokin aiki da ke riƙe da shi a zuci ya tona wa matar tsohon sirrinsa, gida ya rushe. Dangi suka kai shi wurin fasto, aka yi masa bulala da sunan magani, daga ƙarshe ya bar ƙasar. Dibia ya yi ƙarfin hali, wannan ba musu. Amma a ganina ya ci amanar yarinyar. Ego tana cikin littafin ne kamar takardar shaida da ake ɗagawa a gaban alƙali, domin a tabbatar mana cewa Adrian uba ne nagari. Ba mu ji abin da ke ranta ba. Wadda ta rayu da gaske a shafukan ita ce Ada, matar da ta wayi gari tana tambayar kanta ko shekarun aurenta duka ƙarya ne. Fushinta na da hujja, marubucin kuma bai hana ta hujjar ba.

Littafi na biyu ya fi kusa da mu, domin akwai Bahaushiya a ciki. Under the Udala Trees na Chinelo Okparanta ya fito a 2015. Labarin ya fara a 1968, ana tsakiyar yaƙin Biyafara. Jirgin yaƙi ya kashe mahaifin Ijeoma, uwarta Adaora ta kasa riƙe ta, ta kai ta aikatau gidan wani malamin makaranta a Nnewi. A can, a gindin itacen agwaluma, ta haɗu da Amina, marainiyar Bahaushiya da yaƙi ya raba da kowa nata. Shaƙuwar yaran ta zarce ƙawance, aka kama su, aka raba su. Daga nan ne ainihin littafin ya soma, domin jigonsa na gaskiya shi ne abin da ya shiga tsakanin Ijeoma da uwarta.

Adaora ta zaunar da ƴarta kullum tana karanta mata Littafi Mai Tsarki, aya bayan aya, tana neman fitar da abin da take gani aljani ne. Marubuci mai gaggawa da ya mai da ita muguwa ya huta. Okparanta ba ta yi haka ba. Ta nuna mana macen da ta rasa miji, ta taɓa yada ƴarta sau ɗaya saboda yunwa da firgici, yanzu kuma tana tsoron ta rasa ta har a lahira. Tsananinta daga ƙauna ya fito, shi ya sa yake ciwo. Duk malamin da ya taɓa ganin uwa ta zane ɗanta tana kuka zai gane Adaora. Ijeoma ta bi umarninta, ta auri Chibundu, ta yi ciki tana fargabar kada zunubinta ya faɗa kan jaririn ya zo da naƙasa. Ta haifi Chidinma lafiya. Mijin yana son namiji, zaman ya yi tsami, har wata rana ta goya ƴarta ta koma Aba, ƙofar uwarta. Adaora ta buɗe. Ba a ce ta canja aƙida ba, ba a ce ta ci jarrabawar wayewa ba. Ta dai gaji da yaƙi da jininta. Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma wannan shafi shi ne mafi kyau a littafin duka.

Chidinma ta tashi a hannun uwa da kaka, ga kuma Ndidi, abokiyar rayuwar uwar, tana kusa. Marubuciyar ta rufe labarin a watan Janairun 2014, watan da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar haramta auren jinsi, mai hukuncin ɗaurin shekara 14. A nan ne alƙalaminta ya yi rauni. Shekarun da mai karatu ya fi buƙatar gani, wato yadda yarinya ke girma a irin wannan gida, me ƙawayenta na makaranta ke ce mata, wane suna take kiran Ndidi da shi, duka an tsallake su da ƴan shafuka. Sai kawai muka tarar da ita babba, mai fahimta, ba tabo ba gyambo. Rayuwa ba ta cika yin wannan sauƙi ba. Kamar Dibia, ita ma ta ji tsoron kada yarinyar ta yi magana ta ɓata shari'ar.

Na uku masu karatu da Faransanci za su fi samunsa da sauƙi: De purs hommes na Mohamed Mbougar Sarr, ɗan Senegal, wanda ya fito a 2018, shekara uku kafin marubucin ya ci kyautar Goncourt da wani littafinsa. Ndéné Gueye malamin adabi ne a jami'a a Dakar. Ya ga bidiyon taron jama'a suna tone gawar wani saurayi daga maƙabarta saboda ana zarginsa da luwaɗi. Da farko bai damu ba. Sannu a hankali abin ya hana shi barci, ga shi kuma hukuma ta hana koyar da marubutan da ake zargi da wannan hali, shi kuwa ya koyar da waƙoƙin Verlaine, ya jawo wa kansa. Malamai za su gane wannan tsaka mai wuya. Amma wadda ba ta fita daga rai ita ce uwar mamacin, da ta rasa inda za ta kai ɗanta, ta binne shi a tsakar gidanta, ta zauna tana gadin kabarin. Ba ta kare abin da ake cewa ya yi ba, ba ta ma shiga gardamar ba. Ɗanta ne. Sarr yana da son dogon falsafa, wani lokaci taurarinsa na magana kamar masu gabatar da muƙala, amma a gaban wannan tsohuwa ya rage surutu, kuma nan ya fi burge ni.

Abin lura shi ne, a duka ukun, duk inda marubuci ya tsaya yana wa'azi, ko na goyon baya ko na suka, labari sai ya mutu. Inda ya bar uwa da ɗanta a ɗaki ɗaya, sai ya tashi. Adabinmu na Hausa kuwa, in ya taɓo maganar, yawanci a matsayin gargaɗi ne: ɗan daudu abin dariya a fim, ƴar maɗigo mai ɓata ƴaƴan mutane a makarantar kwana, sai tuba ko mummunan ƙarshe. Uwarsa fa? Ba a cika tambaya ba. Alhali binciken Rudolf Gaudio a Kano, wanda ya fito a 2009, ya nuna yawancin ƴan daudu suna da aure da ƴaƴa ko suna burin yi, suna kuma kiran junansu da sunayen zumunta irin na uwa da ƴa. Wannan rayuwa ce da ke gabanmu, marubucin Hausa bai zauna ya dube ta da idon basira ba tukuna. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: a 2007 an ƙone littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano kan abin da bai kai wannan ba.

Ina da ƙorafi ɗaya da ya rage kan Okparanta, kuma na Bahaushe ne. Amina ba ta samu hakkinta ba. An kawo ta ne domin ta zama haramun biyu, mace kuma ƴar ƙabilar da ake yaƙi da ita. Hausarta kaɗan ce, addininta inuwa ne kawai, ba mu san garinsu da kyau ba, ba mu san waƙar da uwarta ke yi mata a goye ba. Da ta tsorata da azabar lahira ta auri Bahaushe ta koma Arewa, littafin ya rufe ƙofa a bayanta. Ina yawan tunanin a wane gari ta sauka, ko Zariya ko Katsina, ko ƴaƴa nawa ta haifa, da abin da take ji a ranta duk ranar da mai talla ya wuce ƙofar gidanta da tiren agwaluma.