4.3 Sharhi a Kan Waƙar Siyasa a Matsayin Kafar Yaɗa Manufa, 1950 zuwa 1966

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin auna irin gudummawar da waƙar siyasa ta bayar wajen wayar da kan jama'ar ƙasar Hausa, tun daga kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, har zuwa lokacin da sojoji suka haramta jam'iyyu a 1966. Akwai ra'ayin da ya yaɗu cewa waƙa ita ce babban makamin da ya juya akalar siyasar wancan zamani. Wannan ra'ayi yana da ƙamshin gaskiya, amma yana bukatar gyara.

Da farko, ya kamata a dubi dalilin da ya sa waƙa ta sami wannan matsayi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, tana ƙarƙashin kulawar hukuma ne, kuma masu iya karatun boko ba su da yawa. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa shi, wato gwamnatin NPC. Bugu da ƙari, duk jam'iyyar da za ta yi lacca sai ta nemi izinin En'e, alhali kuwa manyan ma'aikatan En'e su ne jiga-jigan NPC. Saboda haka 'yan adawa suka koma ga waƙa, domin ita ba ta bukatar injin ɗab'i. Da an rera ta a dandali sai a hardace, teloli da mahauta da 'yan koli su kai ta kasuwannin ƙauye.

Ta fuskar jigo, ana iya kasa waɗannan waƙoƙi gida biyu. Kashi na farko su ne masu kawo hujja. Misali, a waƙar "Arewa Jamhuriya ko Mulukiya", Sa'adu Zungur ya goyi bayan a ci gaba da sarauta, amma ya gargaɗi sarakuna da su gyara mulkinsu tun kafin lokaci ya ƙure musu. Mudi Sipikin ya mayar masa da martani da waƙar "Arewa Jumhuriya Kawai". A nan an ga marubuta biyu suna muhawara a kan tsarin mulki, cikin harshen da talaka yake fahimta. Wannan shi ne aikin da jarida mai 'yanci take yi a ƙasashen da dimokuraɗiyya ta zauna da gindinta.

Kashi na biyu kuwa su ne waɗanda zambo da habaici suka rinjaya a cikinsu, kuma sun fi yawa a lokutan zaɓe. A irin waɗannan, kowane ɓangare yakan siffanta abokin hamayya da jahilci ko cin amana, wani lokaci ma har da raunin imani. Idan aka yi la'akari da kyau, za a ga cewa wannan salo yana ƙara wa ɗan jam'iyya ƙaimi, amma ba ya jawo wanda yake waje. Har ila yau, ya koya wa masu sauraro ɗaukar adawa a matsayin gaba, abin da ya taimaka wajen rura wutar faɗace-faɗace tsakanin magoya baya.

Babbar hujjar da ke nuna iyakar tasirin waƙa ita ce sakamakon zaɓe. A 1951 an yi zaɓe ne hawa-hawa, kuma En'e tana da ikon cusa nata mutane a matakin ƙarshe. NEPU ta taka rawar gani a matakin farko a Kano, amma ba ta kai ko mutum ɗaya Majalisar Wakilai ta Kaduna ba. A zaɓen tarayya na 1959, wanda aka yi kai tsaye, kowane ɗan takara da akwatinsa mai alamar jam'iyya, fartanya ga NPC, tauraro ga NEPU, an ware wa Arewa kujeru 174 daga cikin 312. NPC ta sami 134, NEPU kuwa 8 kacal, ciki har da ta Malam Aminu Kano. Kada a manta kuma, matan Arewa, waɗanda irin su Hajiya Gambo Sawaba suka yi ta fafutika dominsu, ba su da ƙuri'a a lokacin.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa waƙa ta yi nasara wajen sanar da talaka cewa yana da haƙƙi, amma ba ta iya kare shi daga dagacin da ke karɓar harajinsa ko alƙalin da zai yanke masa hukunci ba. Wato ke nan, farin jinin waƙa ba shi ne ma'aunin ƙarfin jam'iyya ba. Duk nazarin da ya tsaya ga baitoci kaɗai, bai dubi dokar zaɓe da ikon En'e ba, zai ba mawaƙi matsayin da tarihi bai tabbatar masa ba.