Bangon Littafi Fuskar Ƙasa Ne

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, fuskar littafi bangonsa ne da shafinsa na fari. Wanda ya fita ajin Yaƙi da Jahilci, in ya taso daga Ɗankaza ya shiga kasuwar Wudil ran Juma'a, sura yakan fara dubawa kafin ya haɗa baƙi. In surar ta yi kama da gida sai ya saya, in kuwa ta yi masa baƙunta sai ya wuce.

Wannan ado ya girmi boko a ƙasar Hausa. Tun da daɗewa marubutan Alƙur'ani na Kano suna ƙawata mafarin Fatiha da na Baƙara da zayyana, ja da rawaya da kore, ba surar mutum ko dabba. Wanda ya ga irin wannan zayyana ya san hannun ƙasar nan ne, ko ba a gaya masa ba.

Da aka yi gasar ƙagaggun labarai a 1933, aka sami su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, sai ƙagaggen labarin Hausa ya shiga hannun maɗaba'a. Kamfanin Gaskiya ya kafu a Zariya a 1945, aikin ya bunƙasa. Daga nan mai zane ya ɗauki nauyin da mai zayyana ya saba ɗauka, watau ya nuna wa jama'a kamanninsu.

Amma fa nauyin nan ba ƙarami ba ne. Mai zanen da bai san bambancin rawanin malami da rawani mai kunne biyu na 'ya'yan sarki ba, ya ɓata labari tun ba a buɗe shi ba. Haka kuma waɗansu littattafan soyayya da suka yawaita a Kano daga wajen 1985, sun ɗora wa bango fuskoki da kwalliya irin na finafinan Indiya, alhali labarin a Fagge ko Gwale ya faru. Ciniki ya yi kyau, amma kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka ya kamata mai zane ya karanta littafin tukuna, sa'an nan ya dubi dagi a jikin soro, da aska takwas a ƙirjin riga, da zayyanar allo. Yaron da ya ga gidansu a bangon littafi ba zai ɗauka karatu na baƙi ne ba.