Dillali Ba Mai Shiga Tsakani Ba Ne

Ina da ƙorafi a kan masu fassara labarai a gidajen rediyonmu. Duk inda Bature ya ce broker, sai su ce "mai shiga tsakani". A ganina wannan fassara tana wanke mutumin daga abin da ya kawo shi, wato rabonsa.

Kalmar ta shiga Turanci a ƙarni na 14 daga Faransancin Normandawan da suka mallaki Ingila. Masana sun kasu a kan tushenta. Wasu sun ce asalinta mai huda ganga ne yana sayar da giya kaɗan-kaɗan. Wasu kuma sun kai ta ga alboroque na Sifaniyanci, ɗan abin sha ko kyautar da ake yi in ciniki ya faɗa, wadda ake dangantawa da baraka ta Larabci. Ko wanne aka ɗauka, a kasuwa aka haife ta.

Mu ma muna da tamu. Dillali daga dallal na Larabci ya zo, mai nuna wa mai saye kaya, hakkinsa kuwa la'ada. Mai sauraro a Tuboro ba ya buƙatar ƙamus a nan. A kasuwar Mbaibum, kusa da inda Kamaru ta haɗa iyaka da Cadi da Afirka ta Tsakiya, makiyayi da falke sau da yawa ba su san juna ba, wani lokaci ko harshe ba ya haɗa su. Dillali ne ke tsaya musu, ya shaida cewa saniyar ba ta sata ba ce, sannan ya karɓi nasa. Ba ya ɓoyewa, ba kuma abin kunya ba ne. Irin wannan tsari Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo a Ibadan.

Mai shiga tsakani kuwa dattijon da ke sasanta ma'aurata ne, ladansa na wurin Allah. Idan aka ba babbar ƙasa wannan suna alhali ta zauna teburin sulhu da idonta a kan mai ko ma'adinai, an hana mai sauraro tambayar da ko yaron kara zai yi: nawa ce la'adarta, kuma wa zai biya?

Shawarata ga 'yan'uwa masu fassara: a duba mutumin tukuna. In yana da rabo a cinikin, a kira shi dillali.