"Kishin Amarya" Ko "Kishi Da Amarya"? Sharhi Kan Fim Ɗin Bridesmaids

Yau fim za mu taɓa, amma kada 'yan nahawu su tashi, rabonku na ciki.

Fim ɗin shi ne Bridesmaids, na barkwanci, daga Amurka. Ya fito a 2011, Paul Feig ya ba da umarni, Kristen Wiig da Annie Mumolo suka rubuta labarin. Ma'anar sunan da Hausa ita ce "ƙawayen amarya". Gargaɗi tun da wuri: akwai batsa a ciki, ba na yara ba ne. Kada ɗan aji uku ya je ya ce ni na aike shi.

Ga labarin a taƙaice. Annie da Lillian aminan juna ne tun ƙuruciya. Lillian ta samu miji, ta naɗa Annie babbar ƙawa. Ita kuwa Annie a lokacin duniya ta juya mata baya, shagon kek ɗinta ya rufe, kuɗin haya ma da ƙyar. Ana haka sai ga Helen, matar maigidan ango a wurin aiki, ga kuɗi, ga kyau, ga iya tsara biki, kuma ita ma tana jin ita ce aminiyar amarya. Daga nan aka ja daga.

To mene ne sunan ciwon da ke cin Annie? Da yawa za su ce hassada. Ni ban yarda ba. Mai hassada so yake ni'imar da ke hannunka ta gushe, ko da shi ba zai samu ba. Annie ba ta taɓa fatan auren ya lalace ba. Ƙyashi dai akwai ɗan kaɗan, don dukiyar Helen na tsone mata ido. Amma asalin ciwon kishi ne, wato tsoron kada a raba ka da abin da kake ganin naka ne.

Yanzu ku dubi waɗannan jimloli biyu:

Annie tana kishin Lillian.
Annie tana kishi da Helen.

Kun ga bambancin? A ta farko, mahaɗin "-n" ya manne kishi da abin da ake so, kamar yadda muke cewa kishin ƙasa, kishin harshe, ko mace tana kishin mijinta. A ta biyu, "da" ta kawo wadda ake ja da ita, kamar uwargida tana kishi da amarya. Duk fim ɗin a tsakanin jimlolin nan biyu yake zaune. Idan ɗalibi ya rubuta "Annie tana kishi da Lillian", to ya sauya labarin gaba ɗaya, ya mayar da amarya abokiyar karawa. Ina yawan cin karo da wannan a takardun insha'i, ƙaramin harafi ya kifar da ma'ana.

Inda fim ɗin ya fi burge ni shi ne wurin walimar baiko. Annie ta tashi ta yi gajeren jawabin yabon amarya, ta zauna. Helen ta karɓi makirufo ta yi wanda ya fi shi daɗi. Annie ta dawo ta ƙara. Helen ta sake karɓa. Har ta kai Helen ta jefa magana da harshen mutanen Tailan, Annie ta rama da gurguwar Sifaniyanci, ƙarshe suka ɓuge da waƙa, kowa na neman danne muryar 'yar'uwarta. Ku lura, babu zagi ko ɗaya a wurin. Kowace kalma yabon Lillian ce a sama, amma kibiya ce a ƙasa, kuma kowa a ɗakin ya san inda ta nufa. Wannan shi ne habaici tsantsa: ba a kama suna ba, mai shi ya ji a jikinsa. Ba zambo ba ne, don zambo muni yake zanawa ƙarara, ba ya fakewa da yabo. Duk wanda ya taɓa zama kusa da gidan biki a Isa ko Sabon Birni ya san irin wannan gugar zana. Wa ta zaɓi anko? Wa ta zauna dama da amarya ranar sa lalle? Hannun wa kuɗin sayen baki suka faɗa? Kowa na dariya, amma ana ƙirga komai.

Sai dai fim ɗin bai tsaya a wannan matsayi ba. Akwai wurin da ƙawayen suka ci abinci ya ɓata musu ciki, gudawa da amai suka kama su a shagon kayan amare. Mutane da yawa wannan suke tunawa, ni kuwa a nan na ga marubutan sun ajiye alƙalami. Dariyar ƙazanta ba ta buƙatar gwaninta. Soyayyar Annie da ɗan sanda ma ta ja fim ɗin har ya haura awa biyu ba gaira ba dalili. Melissa McCarthy, wadda ta fito a Megan, ita ce ta riƙa ceto wuraren da suka yi sanyi, har sunanta ya shiga takarar Oscar saboda rawar.

Abin da ya wanke marubutan a wurina shi ne Helen. Da sun bar ta muguwa zalla, da labarin ya zama tatsuniyar bora da mowa. Amma ranar ɗaurin aure, da aka nemi amarya aka rasa, Helen ce ta zo wurin Annie tana kuka, ta amsa cewa ba ta da ƙawar ƙwarai ko ɗaya. Ashe ita ma kishin Lillian take yi. Jimlolin nan biyu na sama, ku musanya sunayen Annie da Helen, za su zauna daram.

Ga wata matsala da fim ɗin ya bar mini. Me za mu kira Helen a wurin Annie? Kalmar da ta fi dacewa ita ce "kishiya", tunda daga kishi aka samo ta, amma aure ya riga ya kame kalmar. Ka ce "kishiyar Annie", mai sauraro zai tambaye ka wane ne mijin. "Abokiyar gaba" ta yi nauyi, ba a zubar da jini ba. "Abokiyar hamayya" kuma warin siyasa take yi, sai ka ce zaɓen ciyaman.

Af, 'yan gida Gobirawa, a baki mu ci gaba da cewa "babbaƙ ƙawa" yadda muka gada, amma a takardar jarrabawa "babbar ƙawa" ake rubutawa.

Yanzu saura ku. A garinku, ƙawar da ta shigo daga baya tana neman ture tsohuwar aminiya, da wane suna mata ke kiran ta? Ku kawo kalmar, ku faɗi garin, ku sa ta a jimla.