Lamba Ta Amsa, Suna Ya Yi Shiru

A wani shagon intanet kusa da babbar kasuwar Maradi na iske mutane sun zuba tagumi, kowa na cewa babu rezo. Wani dattijo manomi ya taso tun daga Jiratawa don aika takarda, shafin ya ƙi buɗewa. Saurayin da ke kula da na'urorin bai ce uffan ba. Ya buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni, ya buga ping 8.8.8.8, wato ya yi sallama ga wata na'urar Google ya ji ko za ta amsa. Ta amsa. Ya buga sunan shafin, shiru.

"Baba, hanya lafiya lau take," in ji shi. "Mai nuna gida ne ya yi barci."

Ya san cewa kwamfuta lamba take bi. Adireshin IP na tsohon tsari lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255. Suna kuwa don mu aka yi shi, kuma tun 1983, da Paul Mockapetris ya tsara DNS, akwai na'urorin da ba su da aiki sai mayar da suna lamba, su ne masu nuna gida.

Yadda suke tambaya shi ke burge ni. Daga wutsiya suke karanta suna, kamar baƙon da ya sauka tasha yana neman wani gida a Tibiri: gari tukuna, sannan unguwa, sannan ƙofa. Mai nuna gida yakan fara da na'urorin tushe, masu sunaye 13 a duk duniya. Tushe bai san shafin ba, amma idan sunan ya ƙare da .ne, wutsiyar Nijar, ya san mai riƙe da ita. Ta Najeriya .ng ce, harafi ɗaya tak ya raba maƙwabtan. Mai .ne ya tura shi wurin mai sunan, can a ba shi lamba. Sai ya riƙe amsar na wani lokaci don kada a maimaita tafiyar. Duk kafin ƙiftawar ido!

Saurayin ya shiga saiti, ya cire lambar mai nuna gidan da ya daina amsawa, ya sa wata, ya share tsofaffin amsoshin da kwamfutar ta ajiye. Shafin ya buɗe. Masu jiran rezo suka miƙe suna neman kujera, dattijon ya sa masa albarka, ya miƙa takardarsa.